Makarantar Gindin Murhu

Ƴaƴana da ƙannena na Madarunfa da kewaye, nasihar da zan yi muku yau daga bakin wata tsohuwa na samo ta, wadda ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Kakata ce, wadda ta haifi mahaifiyata, Allah ya jiƙanta.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, wata ranar hutu ta ɗora wake, ta ce in zauna in duba mata wuta za ta leƙa maƙwabta barka. Yunwa kuwa na cina. Da na ga tukunya ta tafasa, sai na kwaso itace na cusa a murhu, na durƙusa ina hurawa har idona ya yi ja, wai don waken ya yi saurin nuna. Ta dawo ta tarar wuta na lasar tukunya har wuya. Ba ta yi faɗa ba. Ta janye icce uku, ta turmusa su a ƙasa, ta mayar da murfi, ta ce: "Haba maigidan! Tukunyar da ta riga ta tafasa ai ba ta san yawan wuta ba. Ruwan kawai za ka tsotse, ka cinye mini itace, waken yana nan inda yake."

Na ɗauka rowar itace ce irin ta tsofaffi. Shekaru kaɗan bayan haka, a kwalej, malaminmu ya zana mana wani layi a allo: yana hawa, yana hawa, da ya kai 100 sai ya miƙe ya kwanta. Muka kwafe a kaye, muka haddace bayaninsa da Faransanci, muka rubuta a jarrabawa, muka ci. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa na taɓa jin wannan darasi. Sai da na girma na riƙe alli da kaina, ina zana wa wasu yaran wannan layi, sannan hannuna ya tsaya cak. Ashe kwanciyar layin nan ita ce maganar Kaka.

Ga yadda abin yake. Idan ka ɗora ruwa a wuta, zafinsa yana ƙaruwa har ya tafasa. Daga nan ba ya ƙara ko digiri ɗaya, ko ka ƙona rumbun kara a ƙarƙashinsa. Duk wutar da ka ƙara tana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi. Wani masani a Glasgow ta ƙasar Sikotlan, Joseph Black, shi ya auna wannan al'amari a farkon shekarun 1760, ya kira shi ɓoyayyen zafi, domin yana shiga ruwa amma ma'auni ba ya nuna shi. Kuma ba kaɗan ba ne. Zafin da zai ƙafar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ya ninka fiye da sau biyar wanda zai ɗauko litar nan daga sanyin ƙanƙara ya kai ta tafasa. Wake kuwa da zafin ruwan da yake ciki yake nuna, tururin da ya tsere sama ba ya ƙara masa komai. To, ku dubi amalanken itace da ke fitowa daga wajen dajin Baban Rafi suna nufar Maraɗi, ku tambayi kanku nawa ne daga ciki ke ƙarewa a ƙarƙashin buɗaɗɗiyar tukunyar da ta daɗe da tafasa.

Abin da nake so ku kama ke nan tun da wuri. Da yawa daga makarantunmu ba su da ɗakin gwaje-gwaje, kuma na sha jin ɗalibai na cewa shi ya sa kimiyya ta gagare su. Gaskiya ne rashin kayan aiki ciwo ne. Amma darasin zafi da sauyawar abubuwa daga wannan kama zuwa waccan, babu gidan da ba a yin sa safe da yamma. Madafar mahaifiyarka tana da wuta, da ruwa, da mai, da gishiri, da tukunyar ƙasa da ta ƙarfe. Ido mai lura da bakin tambaya kawai suka rage, su kuwa ba a sayen su a kasuwa.

Malaman kimiyya sun ce abubuwan da muke ta'ammali da su kama uku suke ɗauka: daskararre, da mai ruwa-ruwa, da mai kamar iska. Kowane abu an gina shi ne da wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, kuma ba sa zama shiru, zafi ne ke ƙara musu kuzarin motsi. A cikin ƙanƙara suna nan kamar almajirai a gaban malam, kowa na zaune a gurbinsa yana rangaji da allonsa, amma ba mai tashi, shi ya sa ƙanƙara ke riƙe siffarta. A cikin ruwa kamar jama'a suke ranar kasuwa, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa na kutsawa yana wucewa, shi ya sa ruwa ke bin siffar duk abin da aka zuba shi. Tururi kuwa yara ne da aka kaɗa wa ƙararrawar tashi, kowa ya kama gabansa a guje. Lita ɗaya ta ruwa idan ta tashi gaba ɗaya tana neman wurin da ya kai lita 1,700. Kun ga dalilin da murfin tukunya ke rawa.

Yanzu ku fara da ƙanƙarar leda, irin wadda ake rububi a kanta da yamma lokacin azumi. Dubi ledar da kyau, ta kumbura ta yi tam, domin ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Wannan ne ya sa kwalbar da aka cika aka sa a firji take fashewa, kuma ƙanƙara ke yawo a saman ruwa. Jefa gutsure a kofin zoɓo, ka goge bayan kofin tas, ka ajiye. Ba da daɗewa ba sai ka ga ya yi gumi. Ƙanenka zai ce kofin ne ke yoyo. Kada ka musa masa. Ba shi farin ƙyalle ya goge gumin ya duba: zoɓo ja ne, gumin kuwa fari tas. Daga ina ya fito ke nan? Daga iskar da ke kewaye da ku, wadda ke ɗauke da tururin da ba a gani, ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Raɓar da ke jiƙa maka wando a gona da sassafe ita ce wannan. Maimaita gwajin a watan Agusta da kuma tsakiyar hunturu, za ka ga bambanci kamar dare da rana, domin iskar damina jiƙaƙƙiya ce, ta hunturu kuwa busasshiya.

Sannan raba sauran ƙanƙarar biyu daidai. Naɗe ɗaya da tsohon bargo, bar ɗaya tsirara a faranti, duka a inuwa guda. Kafin ka buɗe, tambayi yaran gidan wacce za ta riga narkewa. Mafi yawansu za su nuna ta bargo, tunda a saninsu bargo ɗumi yake kawowa. Ta farantin za ta zama ruwa, ta bargon tana nan da sauranta. Bargo ba shi da wutar kansa, hanya kawai yake tare wa zafi. Da dare yana hana na jikinka fita, a nan kuwa ya hana na waje shiga. Mai tallar ƙanƙara da ke lulluɓe hajarsa da buhu ya san haka tun kafin a haife ka. Wannan ilimin ne kuma ya sa uwarka ke tuƙa tuwo da muciyar icce hankali kwance, amma ludayin ƙarfe idan ya daɗe a miya sai da tsumma ake kama shi. Ƙarfe yana miƙa zafi da sauri, icce yana jan ƙafa.

Kowane abu da iyakar zafin da yake jurewa kafin ya narke. Jera ƙananan murafai huɗu a rana da hantsi: man shanu, man kaɗe, gutsuren kyandir da gishiri. Rubuta wanda ya fara sakin jiki da ƙarfe nawa, da wanda ya ƙi har rana ta faɗi. Ƙanƙara a digiri 0 take narkewa. Man kaɗe ɗumin tafin hannu ma ya ishe shi. Manja da hunturu sai ya yi barci a kwalba, a kai shi kusa da wuta ya farka. Alminiyom sai ya kai digiri 660, amma duk da haka masu zubin tukwane suna narka gwangwanaye su kwarara a ƙasa, su fito da tukunyar da za ta dafa shinkafar biki. Akwai kuma mai tsallake layi. Ƙwallon kafur da ake sa wa a akwatin tufafi yana ƙanƙancewa har ya ɓace ba tare da ya jiƙa ko zare ɗaya ba, daga daskararre yake wucewa kai tsaye ya bi iska, warinsa ne shaida.

Gwajin da ya fi ba yara mamaki shi ne na gishiri. Dama gishiri a ruwa har ya yi zartsi, babba ya ɗora a wuta ya rufe. Idan ya tafasa, a ɗaga murfin a hankali, a tsiyaye ɗigon da ya taru a cikinsa cikin cokali, a bari ya huce, a ɗanɗana. Salam, babu gishiri. Ruwan ya tashi ya bar kayansa a baya. Bar sauran a faranti a rana kwana biyu ko uku, za ka tarar da farin gishiri kwance. Sana'ar mutanen Bilma da Tagidda ke nan, rana ce ke ƙafar musu da ruwa, su kuwa na Foga a wuta suke dafawa. Daga nan ɗauki yaran ku tafi bakin tafkin Madarunfa. Nuna musu inda ruwa ya tsaya da kaka, lokacin da Gulbin Gabi ya gama zubo nasa, da inda ya ja da baya a bazara ya bar laka ta tsattsage. Wani ya shige ƙasa, wani an sha, wani an yi ban-ruwa, amma kaso mai tsoka rana da iska ne suka kwashe. Tafki tukunya ce babba marar murfi, gajimare kuwa gumin murfi ne a can sama. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka ma ba ya ɓacewa banza.

Ku zo ga randa. Me ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi alhali a inuwa ɗaya suke? Shafa bayanta, za ka ji danshi. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa, iska na kwashe shi. Mun riga mun ga cewa ruwa ba ya zama tururi sai ya sami zafi mai yawa, to a jikin randar da ruwan cikinta yake ɗibarsa ya tafi da shi. Haka zufa ke sanyaya jikinka, haka fifita kunu ke sa ya huce. Wani malamin makaranta a Dutse ta jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, jikan magina tukwane, ya dubi wannan abu da kowa ke gani, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace a kwana 3 sai ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya a kan haka. Ku ƴaƴan masu lambu a Jiratawa, da kuke ganin tumatir na ruɓewa kafin ya ga kasuwa, tukunya biyu da yashin gulbi ba su fi ƙarfinku ba. Ku gwada, ku sa tumatir biyar a ciki, biyar a kwando, ku riƙa rubuta abin da kuka gani kullum. Za ku tarar ta fi aiki a bazara da hunturu, da damina kuwa ƙarfinta kan ragu, kuma yanzu kun san dalili.

Na ce ku rubuta, kuma a nan ne ilimin Kaka da na makaranta ke haɗuwa. Ita ta san abin da ke faruwa, amma awo ne ke sa sani ya tashi daga gida ɗaya ya amfani duniya. Jiki ba abin dogaro ba ne wajen awo. Jera ƙore uku, ɗaya da ruwan ɗumi, ɗaya da ruwan ƙanƙara, ta tsakiya da ruwan rijiya. Tsoma hannun dama a na ɗumi, na hagu a na sanyi, ka yi minti ɗaya, sannan ka tsoma su tare a ta tsakiya. Dama zai ce sanyi, hagu zai ce ɗumi, ruwa kuwa ɗaya ne. Shi ya sa aka ƙirƙiro ma'aunin zafi, kuma digirin da muke amfani da shi sunan Anders Celsius na ƙasar Suwidin ya ɗauka, wanda ya tsara shi a 1742. In kun sami ma'auni na girki, kada ku firgita idan ya tsaya wajen 99. A bakin teku ne ruwa ke tafasa a 100, mu kuwa muna sama da teku da mita ɗari uku da wani abu. A ƙololuwar dutsen Bagzam, da ta haura mita 2,000, wajen digiri 93 yake tafasa, wake kuwa sai an ƙara masa haƙuri. Ma'aunin likita na zazzaɓi dai kada ya kusanci tukunya, bai wuce digiri 42 ba. In babu ma'auni, agogon waya da kofin awo sun isa. Tukunya ɗaya, ruwa kofi biyar, wuta iri ɗaya, yau da murfi gobe babu. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, kuma a sa kowa ya faɗi hasashensa kafin a fara. Wanda hasashensa ya kuskure kada a yi masa dariya, shi ya fi kowa ƙaruwa a ranar.

Wuta fa ba ta san wasa ba. Duk gwajin da ke buƙatar murhu sai da babba a tsaye, ƙananan yara kuma daga nesa. Tururi ya fi tafasasshen ruwa mugun ƙuna, domin idan ya sauka a fata yana sauke ɓoyayyen zafin nan gaba ɗaya. Har yau akwai tabo a wuyan hannuna na ranar da na buɗe madambaci ina leƙen dambu. A riƙa ɗaga murfi ta gefen da ba ya fuskantar mutum. Kada a toshe kwalba ko gwangwani a ɗora a wuta, kada a zuba ruwa a tafasasshen mai. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, ban da gishiri, ban da ƙwai, ban da man goge baki, sannan a kai shi likita. Tukunyar gas da kuke jin abu na motsi a cikinta idan an ɗauko ta, ruwa ne da aka matse, yana fita ya zama iska mai kama wuta, don haka in an ji warinsa a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana. Fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya, tururinsa ne ke fara kamawa, yana rarrafe a ƙasa ya iske wuta inda take. A watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane fiye da 50 suka rasa rayukansu wajen kwasar man tankar da ta kife. Darasin nan yana iya zama na ceton rai.

Kai saurayi da kake ganin gindin murhu wurin mata ne, ka sani Abdou Moumouni, wanda babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan cikin jiharmu ta Maraɗi. Ya kai ƙololuwa a ilimin fizik, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun daga 1969, kuma cikin abubuwan da suka ƙera akwai murhun girki da na'urar dafa ruwa da ta tace shi, duka da zafin rana. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunan iyayensu. Ga shi a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Wa zai yi bayanin narkewa da daskarewa da ƙafewa da Hausar da yaro zai fahimta in ba ku ba? Ke kuma ƴata da ake ce wa kimiyya ta maza ce, kin riga su shiga ɗakin gwaji da shekaru. Kin san lokacin da man suya ya yi, kin san abin da ke sa alewa ta kama ko ta ƙi. Ƙara wa saninki biro da takarda. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo tana nan Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da yamma, idan an ɗora sanwa, kira ƙannenka ku zauna nesa kaɗan da murhu. Tambayi mahaifiyarku da ladabi me ya sa take rage wuta bayan tukunya ta tafasa, ku saurari amsarta da kyau, ku rubuta ta da kwanan wata. Gobe ku kai wa malaminku, ku ce ya nuna muku inda take a littafi. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya saka wa iyayenmu mata da alheri.